Kawu da Ranar Sifika

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwar Mubi, ya rasu wata Talata da hantsi bayan jinyar kwana tara. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. A gidansa na tashi tun rasuwar mahaifina, don haka ni aka bar wa shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida da kai wa masu ta'aziyya ruwa.

Mutane sun zo, ba laifi. Wani dattijo daga Gude ya ce shekara da shekaru yana son sayen sabuwar rediyo, Kawu yana hana shi, wai tsohuwar ba ta gama aikinta ba. Wasu mata daga Muchalla suka kawo gyaɗa a ƙwarya, suka ce shi ke gyara musu lasifikar majami'arsu, kuma bai taɓa sa su jira ba. Kowa ya faɗi nasa, ana cewa Allah Ya jiƙansa. Sai tela, maƙwabcinmu na jikin katanga, ya gyara zama ya ce:

"Mutumin kirki ne, wallahi. In ban da ranar sifikar nan, ban taɓa ganin aibunsa ba. Ita ma mun yafe."

Jauro, mai unguwarmu, ya gyaɗa kai. "An yafe, an yafe. Tsufa ne ya jawo."

Ina tsaye da buta a hannu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk zaman nan ni kaɗai na san Kawu bai yi komai ba ranar sifika. Ni na yi. Shi ya ɗauka, ya tafi da ita kabari, ga shi yau ana yafe masa laifina ina ji. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan, don ban yarda a tuna shi da wannan tabon ba.

Wanda bai san Kawu ba zai ce masifaffe ne. In ka kai masa rediyo, ba ya taɓa sukurdireba sai ya tambaye ka, "Me ka yi mata?" Ka ce ba komai, haka kawai ta mutu, sai ya ce, "Haka kawai akuya ma ba ta mutuwa." In ya gane kana dukan rediyonka in ta ƙi magana, to ka ɗauki abinka ka yi gaba. Komai aka miƙo masa sai ya auna a tafin hannu, ya kai hanci ya shinshina. Mu kan yi masa dariya, mu ce Kawu zai ci taransifoma. Shi kuwa cewa yake, "Abin wuta, nauyinsa ne gaskiyarsa."

Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari ya fashe muka gudu, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Wani tabarma, wani akuya, wani ɗan maƙwabci a maimakon nasa. Kawu mitarsa ta awon wuta ya ɗauka da ƙarfen dalma, ya riƙe hannun matarsa, wadda muke kira Nenne, suka bi ta Sahuda a ƙafa har suka tsallaka iyaka. Bayan mun dawo, Nenne ba ta koma daidai ba. Murfin tukunya ya faɗi, sai ka ga jikinta na rawa. Kawu bai ce wa kowa komai ba. Ya bi ƙofofin gidan ɗaya bayan ɗaya ya zuba musu baƙin mai, ya yanka tsohon tub na taya ya manna a bakin kowace, don kada ta yi ƙara in iska ta bugo ta. Ina gani ya yi wannan aikin. Har ƙusa na miƙa masa. Wannan ne ya sa ba ni da bakin cewa ban sani ba.

Damina ta biyu da dawowarmu na noma wake a gonar mahaifiyata, Allah Ya sa albarka. Na sayar, kuɗi suka shigo hannuna irin waɗanda ban taɓa riƙewa ba. Tun ina makaranta burina ɗaya ne, in haɗa kwamfutar buga gem tawa ta kaina. Amma wa zai dubi idon Kawu ya ce kuɗin wake zai zuba a wasa? Sai na ce masa ta buga katin biki ce da koyon zanen gidaje.

Ya karɓi takardar da na jera kayan, ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa. Ya tsaya a kan kat ɗin hoto, wato abin da ke sa gem ya yi gudu ba tare da sarƙewa ba.

"Wannan mai fanka biyun fa, Injiniya?" Haka yake kirana in zai tsokane ni.

"Na zane ne, Kawu."

"Katin biki ne ke buƙatar fanka biyu? Amaryar zafi take ji?"

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce gobe mu je tare, kada a sayar mini da gawa.

Shagon a saman wani bene yake, kayan tokumbo ne, na hannu daga waje, jibge har rufi. Da mai shago ya buga lissafi, abin da na jera ya kusa ninka abin da ke aljihuna. Kawu ya ja kujera ya zauna kamar gidansa.

"Ni ban san kwamfuta ba," in ji shi, "amma na san wuta. Faɗa mini, a cikin kayan nan wanne za ka iya ƙarawa baɗi?"

Na ce ram, wato ƙwaƙwalwar aikinta, da ma'ajiya.

"To sayi kaɗan yau. Wanne ne in ya mutu zai ja sauran su mutu tare?"

Na ce fawa, gidan wutar da ke raba wa kowa.

"To shi ne ba a yi wa rowa."

Haka muka bi su. Ram sanda ɗaya a maimakon biyu. Madabod, faifan da komai ke hawa kansa, da firosesa mai lissafi, na hannu, masu shekaru amma lafiyayyu. Akwatin gilashi mai fitilu da na ƙwallafa rai a kai, Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya zaƙulo wani tsohon akwatin ofis mai loɓa a gefe, ya ce ƙarfe ne na gaske, kuma iska za ta ratsa shi. Allon kallo kuwa, ya ce akwai wani a shagonsa da mai shi ya bar masa, ya gyara. Sitabilaiza kuma shi zai naɗa mini da hannunsa, don wutar garin nan in ta ga dama ta zo kamar kyandir, in ta ga dama ta zo kamar aradu. Abin da aka yi tsiminsa duka aka zuba a kat ɗin hoto. Shi ma bai yarda an sa a leda ba sai da mai shago ya jona shi ya yi aiki kusan awa guda. Kawu na zaune, jifa-jifa ya kai bayan yatsa ya ji zafinsa, ya kasa kunne ga fankar.

Da aka zo kan fawa, mai shago ya miƙo wani sabo fil a kwali, mai sheƙi, ga araha. Kawu ya ɗora a tafin hannu ya yi tsaki.

"Wannan ai gwangwanin madara ne. Araha ba ta ado. Kawo wancan mai ƙurar."

Wancan ɗin tsoho ne, mummuna, nauyi kamar dutsen niƙa, kuma ya fi tsada. Na haɗiye takaici na biya.

Saura abin sauti. Tun shigowarmu idona ke kan wata sifika mai ƙatuwar ganga a ƙasa da shuɗiyar fitila, irin wadda in ta buga kana ji a ƙirjinka. Kuɗin da suka rage za su kai da ƙyar. Kawu ya ɗauko hedifon, na sawa a kunne, baƙi, ba ado ba komai.

"Wannan za ka ɗauka."

"Haba Kawu! Komai na zaɓa ka ƙi. Wannan ɗayan ma?"

"Wannan ɗayan ma."

Raina ya ɓaci. Akwai samari uku a shagon, sa'o'ina, suna ta murmushi tun da tsoho ya fara shinshina kaya. Kunyarsu ta kama ni, maimakon in ji kunyar wanda ya rene ni. Na ɗaga murya na ce:

"Kawu, wannan fa ba rediyon batir ba ce. Ka tsaya a abin da ka sani. Zamaninku ya wuce."

Suka fashe da dariya, har da mai shago. Kawu ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Bai ɗaga murya ba.

"Injiniya, gidan da za ka kai ta akwai kunnuwa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Muka sayi hedifon muka taho gida. Washegari da sassafe na koma ni kaɗai, na mayar da shi, na cika kuɗi na karɓo sifikar. Na ɓoye ta a ƙarƙashin gado.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bai riƙe ni ba. Kwana biyu yana rufe shago da wuri ya zo ɗakina na zaure mu yi haɗi. Kafin in taɓa madabod sai ya sa na dafa ƙarfen taga. Yana tambaya kamar ɗalibi, wannan wayar ina za ta, wancan ramin na mene ne, in na ba shi amsa ya ce, "Ikon Allah." Ya ɗaure wayoyi da zare tsaf don kada su tare iska. Da na danna maɓalli fankoki suka juya, allo ya kawo haske, sai ya buga cinya ya ce, "Ta yi numfashi!" Ya leƙa tsakar gida ya kira Nenne ta zo ta ga injin katin biki. Da ya faɗi haka ya ɗan kalle ni ta saman tabarau. Ashe tun a takarda ya gane.

Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar aka kawo wuta. Kawu na kishingiɗe a ƙofar gida, Nenne na madafa. Na rufe ƙofa, na jawo sifikar, na jona. Ina da gem ɗin ƙwallo, ina da na tseren mota. Wallahi ina da su. Amma na yaƙi na sa, don in ji yadda gangar za ta amsa. Na murɗa ƙara har ƙarshe.

Harbi ya tashi, ta-ta-ta-ta, sai wani abu ya fashe, tagar ɗakina ta girgiza. Ni ina jin daɗi, ina cewa kuɗina sun biya. Ban ji ihun mata ba. Ban san unguwa ta watse ba, tela ya bar kekensa ya tsere ba takalmi, matarsa ta miƙa jaririnta ta kan katanga, mai shayi ya kife tukunyarsa, masu kaya a ka sun zubar sun nufi mayo, kogin bayan gari. Mutanen da suka taɓa gudu da ransu a hannu ba sa tsayawa tambayar daga ina ƙara ta fito. Ban farga ba sai da ƙofa ta buɗe da ƙarfi, Kawu ya fizge wayar daga bango.

Shiru ya sauka. A cikin shirun na ji nishin Nenne. Ta fito da gudu daga madafa, ta yi tuntuɓe da turmi, ta faɗi a kan hannunta na dama.

Na ɗauka zai mare ni. Da ma ya mare ni. Ya dai dube ni, ya dubi allon da ya mutu, ya ce, "Zauna nan. Kada ka fito." Ya sunkuci sifikar da wayoyinta ya fita.

Ta jikin ƙofa na ga Jauro ya iso da 'yan banga, bindigogin toka a kafaɗa, jama'a na dawowa a bayansu rai a ɓace. A wancan lokacin, saurayi mai kwamfuta a ɗaki da hotunan yaƙi a cikinta ba a tsayawa jin bayaninsa a ƙofar gida. Tafiya ake da shi, kuma ba kowa ke dawowa da wuri ba. Kawu ya san haka. Ya ajiye sifikar a ƙasa a gabansu.

"Ni ne," in ji shi. "Gyara aka kawo mini, na jona da wani fim in gwada. Ban yi tunani ba."

"Kai?" Jauro ya riƙe baki. "Da furfurarka? A garin nan? A wannan lokacin?"

"Na yi kuskure. A yi haƙuri."

Tela ya kutso yana haki. Ya ce masa tsohon banza, ya ce masa mara tausayi, ya ce da ɗansa ya faɗo daga katanga da sai an raba su a kotu. Mutumin da ko gaisuwa sai ya rusuna wa Kawu. Kawu na tsaye kai a ƙasa, hula a hannu, yana maimaita a yi haƙuri. Ni kuwa, ƙato mai gemu, ina laɓe a bayan ƙofa ina leƙe ta kafar katako. Ƙafata ɗaya ban ɗaga ba.

An kai Nenne wurin mai ɗori. Hannun ya warke a karkace, ba ya tuƙa tuwo, ba ya ɗaga taɓarya. Duk sanda sanyi ya taso ya yi mata tsami, sai ta ɗaga shi ta ce, "Malam, ga aikin sifikarka." Wani lokaci da wasa, wani lokaci da hawaye. Shi kuwa sai ya ce, "Haka ne, ki yi haƙuri." Sau da yawa na shigo na tarar ya tura ƙofar madafa yana tuƙa mata tuwo, dattijo da muciya, yana gumi. Yaran unguwa suka sa masa Baba Sifika. In ya wuce sai su yi ta-ta-ta da baki su watse. Wasu suka daina kai masa gyara, wai ya fara ruɗewa.

Bayan mako biyu na dawo daga gona na tarar da hedifon a kan teburina, wancan baƙin dai. Ya koma shagon da aka yi masa dariya ya musanyo. Da na same shi zan yi magana, ya ɗaga hannu.

"Ka yi wasanka, ba haramun ba ne. Amma ka ji abinka kai kaɗai. Maganar nan kuma kada in ji ta a bakinka yanzu, gari bai huce ba."

Yanzu ya ce. Bai ce har abada ba. Gari ya huce, aka janye shingayen bincike, kasuwa ta cika, ni ban buɗe baki ba. Kullum sai in ce wa kaina ai Kawu ne ya hana. Ƙarya nake. Tsoron idon Nenne nake, da bakin tela, da a ce ga wanda ya laɓe tsoho ya sha zagi. Ina cin tuwon da ya tuƙa, ina shiga ɗaki in sa hedifon.

Ranar da jikinsa ya yi tsanani na zauna a gefen gadonsa, na shirya maganata tun daga waje. Ya buɗe ido ya gan ni.

"Injiniya. Fankar kat ɗin nan, kana share mata ƙura?"

"Ina sharewa, Kawu."

"Fawa fa? Bai taɓa yi maka gardama ba?"

"Ko sau ɗaya."

Ya yi murmushi. "Na gaya maka. Nauyi."

Sai tari ya sarƙe shi, aka shigo da ruwa, na tashi na ba da wuri. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Duk abin da ya zaɓa a kwamfutar nan yana aiki har yau. Abu ɗaya na zaɓa da kaina, sifikar nan.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, mutane na neman takalmansu, na miƙe. Na ce a dakata. Na faɗi komai, tun daga kuɗin wake, da abin da na gaya masa a shago, da gem ɗin, da bayan ƙofa. Ban rage ba. Na ce in akwai mai son kiran wani Baba Sifika, ga ni nan.

Jauro ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah Ya kyauta. Zauna." Tela ya cire hula ya rufe fuska da ita. Ina ji yana cewa, "Na zagi bawan Allah. Wayyo, na zagi bawan Allah a ƙofar gidansa." Bai dube ni ba, har yau kuma ba ya amsa gaisuwata, ban kuwa ga laifinsa ba.

Allah Ka jiƙan Kawu. Ka sa nauyin da ya ɗaukar mini ya zama nauyi a mizaninsa. Ka haskaka kabarinsa kamar yadda ya rufa mini asiri ban cancanta ba.

Saura mutum ɗaya. Na shiga cikin gida. Nenne na zaune a ɗakin takaba, carbi a hannun hagu, na daman a kan cinya. Na durƙusa a bakin ƙofa na sake faɗa daga farko. A raina ina fatan ta ce ai ta sani, ai Malam ya gaya mata tuntuni. Ba ta sani ba. Ko ita bai gaya wa ba.

Ta ɗaga hannun ta juya shi, tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Kullum sai na yi masa gori da hannun nan," in ji ta a hankali. "Ana gobe zai kwanta ciwon nan ma na yi masa. Ya ce in yi haƙuri."

"Nenne, ki yafe mini."

"Kai ka samu wadda za ka durƙusa wa." Ta dube ni, idonta a bushe. "Ni fa? Wa zan je in roƙa?"

Ta juya ta fuskanci bango. Ina ja da baya zan fita na ji ta, ƙasa-ƙasa, ba da ni take ba:

"Malam, ka yafe mini."